Kariya ko Ramuwa? Tarken Littafin Laktantiyus a kan Mutuwar Masu Tsananta wa Kiristoci

Gabatarwa

A babi na 12 na Ayyukan Manzanni, ɗaya daga cikin littattafan Sabon Alkawari, an kawo labarai uku a jere. Sarki Hirudus ya sa an kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Ya kama Bitrus ya tsare a kurkuku da nufin ya bi da shi hanyar da ya bi da Yakubu, sai mala'ika ya zo cikin dare, sarƙoƙi suka zube, ƙofa ta buɗe, Bitrus ya fita. A ƙarshen babin, shi Hirudus ɗin ya amshi kirarin allantaka da jama'a suka yi masa, aka buge shi da cuta, tsutsotsi suka cinye shi. Yakubu da Bitrus duka Hawariyawan Annabi Isa (AS) ne a wajen Kiristoci, a gari ɗaya, a hannun sarki ɗaya. An kuɓutar da ɗaya, an bar ɗaya ya sha takobi, kuma marubucin bai tsaya ya faɗi dalilin bambancin ba.

Aƙidar Kiristoci game da kariyar Ubangiji ga masu imani a lokacin tsanani tana kai-kawo ne a tsakanin waɗannan labarai. Wani lokaci kariya tana nufin abin da ya sami Bitrus, wato a tsamo mutum da ransa daga hannun maƙiyi. Wani lokaci tana nufin abin da ya sami Yakubu, wato a tsare masa imaninsa har ya mutu a kai bai juya ba. Akwai kuma masu neman hannun Ubangiji a ƙarshen Hirudus, inda azzalumi ya girbi abin da ya shuka tun a nan duniya. Littafin da ya fi shahara wajen riƙo da wannan fahimta ta ƙarshe shi ne wanda Laktantiyus ya rubuta da Latin a wajajen 314 zuwa 315 Miladiyya, mai suna De mortibus persecutorum, wato Mutuwar Masu Tsanantawa. Masana tarihi ba sa iya rabuwa da shi. Amma a matsayinsa na hujja a kan kariyar Ubangiji, ginin yana da tsaga tun daga tushe: ya ɗauki halakar azzalumi ya ajiye a gurbin kariyar wanda aka zalunta, kuma bai iya tsayar da da'awarsa ba sai da ya tankaɗe tarihi ya zubar da abin da bai yi masa daidai ba.

Marubucin da abin da ya gani

Laktantiyus mutumin Arewacin Afirka ne, an haife shi a wajajen 250. Malamin balaga ne, kuma gwanintarsa ce ta sa Sarki Diyokletiyan ya kira shi ya koyar a Nikomidiya, birnin da sarkin yake zaune da fadarsa, wanda a yau ake kira Izmit a ƙasar Turkiyya. Yana can tsanani mafi girma a tarihin Daular Rum ya ɓarke a 303. Daga baya Kwanstantin, wanda littattafan Larabci suke kira Ƙusɗanɗin, ya ɗauke shi ya koyar da ɗansa Kirisfus. Ke nan littafin ya fito ne daga alƙalamin mutumin da yake cikin gari ranar da aka rushe cocinsu, kuma wanda ya ƙarasa rayuwarsa a inuwar gidan sarautar da ya yi nasara. Babi 52 ne gajeru, an sadaukar da su ga wani Donatus da ya sha azaba saboda addininsa. Kwafi ɗaya tak na rubutun hannu ya tsira, wanda aka samo daga gidan ruhubanawa na Muwasak a Faransa, aka buga shi a 1679.

Inda marubucin yake ba da labarin zamaninsa, ba a cika samun kamarsa ba. Ya faro daga ranar da bokayen fada suka yi ta yanka dabbobi suna duba kayan cikinsu don su faɗa wa sarki abin da ke tafe, ba su ga komai ba, sai shugabansu ya ɗora laifin a kan barorin fada Kiristoci da suka yi alamar gicciye a goshinsu. Daga nan ya kai mai karatu asubahin 23 ga Fabrairu, 303. Cocin Nikomidiya yana kan tudu, ana hango shi daga fada. Diyokletiyan da mataimakinsa Galeriyus suka tsaya suna kallo, suna gardama a kan a cinna masa wuta ko kada a cinna. Diyokletiyan ya rinjaya, don yana tsoron wutar ta ci gidajen da ke kewaye. Dakarun fada suka zo da gatura, cikin 'yan sa'o'i suka mai da ginin fili, aka ƙone littattafan da aka tarar. Washegari aka manna dokar da ta raba Kiristoci da muƙamansu da haƙƙinsu na kai ƙara. Wani mutum ya yage ta ya yi mata ba'a, aka gasa shi a hankali har ya mutu. Laktantiyus ya ce abin da mutumin ya yi ba daidai ba ne, amma ya yaba da ƙarfin halinsa. A irin wannan wuri ana ganin marubuci mai auna magana.

Shi ne kuma ya adana nassin Latin na dokar sassauci da Galeriyus ya fitar ranar 30 ga Afrilu, 311, da wasiƙar 'yancin addini da Lisiniyus ya manna a Nikomidiya ranar 13 ga Yuni, 313. Kukansa a kan haraji da ƙidayar da ake dukan talaka don ya ƙara adadin dukiyarsa yana cikin abubuwan da masu nazarin mulkin wancan zamani suke komawa gare su har yau. Matsalar ba ta taso daga abin da ya gani ba. Ta taso ne daga ma'aunin da ya ɗora a kan abin da ya gani.

Sarakunan da aka ƙirga da waɗanda aka tsallake

Da'awar littafin ita ce duk sarkin da ya ɗaga hannu a kan Ikkilisiya sai ya yi mummunan ƙarshe. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Babukan farko sun jero sarakuna biyar a gurguje. Niro, wanda a zamaninsa aka kashe Bitrus da Bulus, ya faɗi daga mulki, har marubucin ya ce ba a san kabarinsa ba. Domishiyan an kashe shi a cikin fadarsa, majalisar dattawan Rum ta sa an goge sunansa. Deshiyus, wanda littattafan tafsiri suke kira Daƙyanus a ƙissar As'habul Kahfi, ya mutu a 251 a yaƙi da ƙabilun da suka ƙetaro Kogin Danub, gawarsa ta zama abincin namun daji da tsuntsaye. Baleriyan ya faɗa hannun Sabur sarkin Farisa a 260, kuma a ruwayar Laktantiyus, Sabur yakan taka bayansa ya hau doki, bayan mutuwarsa kuma aka feɗe fatarsa aka rina ta ja aka rataye a ɗakin bauta. Oreliyan mutanensa ne suka kashe shi a 275 tun dokarsa ba ta isa larduna masu nisa ba.

Ko a cikin waɗannan akwai ƙarin gishiri. Marubucin tarihin sarakunan Rum, Suwetoniyus, ya ambaci cewa an ajiye tokar Niro a hubbaren danginsa. Hotunan da Farisawa suka sassaƙa a kan duwatsu suna nuna Sabur yana riƙe da hannun Baleriyan, ba yana taka shi ba, kuma Ɗabari ya kawo cewa Sabur ya sa sarkin Rum ɗin da ya kama aikin gina madatsar ruwa a Tustar. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsakanin mutuwar Domishiyan a 96 da hawan Deshiyus a 249 akwai sama da shekara 150, kuma Laktantiyus ya tsallake su da 'yan jimloli, yana cewa sarakunan kirki ne suka yi mulki, Ikkilisiya ta zauna lafiya ta yaɗu gabas da yamma. A cikin waɗannan shekaru ne, a wajajen 112, Filini gwamnan Bitiniya, lardin da Nikomidiya take cikinsa, ya rubuta wa Sarki Tirajan cewa yana kashe Kiristocin da suka ƙi ja da baya, Tirajan ya amsa cewa kada a fita farautarsu, amma wanda aka kawo ƙararsa kuma ya dage a hukunta shi. A cikinsu ne aka fille kan Yustin a birnin Rum a wajajen 165, aka kashe Kiristocin Liyon a 177 a zamanin Markus Oreliyus, aka jefa Farfetuwa da abokanta ga namun daji a Kartaj a 203 a zamanin Saftimiyus Seberus. Da wuya a ce Laktantiyus bai san wannan ba, domin ya karanta Tartuliyan, ɗan ƙasarsu, wanda ya tattauna wasiƙar Filini. Dalilin shirun a fili yake: Tirajan da Markus da Seberus duka rashin lafiya ce ta kashe su suna kan karagarsu, kuma biyun farko su ne sarakunan da Rumawa suka fi yabo.

Za a iya kare shi da cewa waɗannan sarakuna ba su fitar da doka ta gama-gari ba, kashe-kashen zamaninsu na gwamnoni ne da 'yan gari. Wannan gaskiya ne, sai dai haka abin yake a zamanin Niro, wanda kisansa na 64 bai wuce birnin Rum ba, kuma an ƙirga shi. Oreliyan ma an ƙirga shi a kan abin da bai kai ga zartarwa ba. Sannan in aka juyo da ma'aunin ta ɗaya gefen, ya fi nuna rauninsa. A ƙarni na uku, mutuwa ta hanyar takobi ita ce ƙarshen da mafi yawan sarakunan Rum suka yi, masu tsanantawa da masu sassautawa. Iskandar Seberus, wanda aka san shi da kyautata wa Kiristoci, sojojinsa ne suka kashe shi a 235. Filibus Balarabe, wanda wasu ma suke cewa Kirista ne, ya mutu a 249 a rikicinsa da Deshiyus. Galiyenus ɗan Baleriyan, mutumin da ya dakatar da tsanantawar mahaifinsa ya mayar wa Kiristoci wuraren ibadarsu da maƙabartunsu, manyan hafsoshinsa ne suka kashe shi a wajen ganuwar Milan a 268. Littafin bai ce komai a kan yadda waɗannan suka ƙare ba. In kowa a gari yana tari, ba za a nuna tarin mutum biyar a ce shi ne shaidar laifinsu ba.

Gyambon Galeriyus

Zuciyar littafin babi na 33 ne, inda aka siffanta ciwon ajalin Galeriyus, wanda marubucin yake ɗauka a matsayin wanda ya zuga Diyokletiyan. Gyambo ne ya fito masa a al'aura, likitoci suka yanka, ya rufe, ya sake ɓallewa da jini. Ciwon ya shige ciki, tsutsotsi suka haihu a jikinsa, ɗoyi ya cika fada har ya kai cikin gari. Aka riƙa ɗora masa nama mai ɗumi don ya janyo tsutsotsin. Sama ta bushe, ƙasa ta kumbura. Shekara guda yana cikin wannan hali kafin ya fitar da dokar da ta halatta wa Kiristoci su sake taruwa, har ya nemi su roƙa masa Ubangijinsu lafiya.

Ciwon ya faru, domin Yusabiyus na Kaisariya ma ya ambace shi a tarihinsa na Ikkilisiya. Amma rigar da aka sa wa labarin ta aro ce. A babi na 9 na littafin Makabiyawa na Biyu, wanda ke cikin littattafan da Katolika da cocin Gabas suke karantawa, Antiyokus na Huɗu, sarkin da ya tsananta wa Yahudawa ya mutu a 164 kafin Miladiyya, ya bi matakai iri ɗaya: ciwon ciki, tsutsotsi, warin da ya gagari rundunarsa, nadama, sai wasiƙar lallashi ga mutanen da ya zalunta. Hirudus na Ayyukan Manzanni ma daga wannan gida yake. Aro ba aibi ba ne ga malamin balaga. Masu karatunsa za su gane tsohuwar ƙissar, kuma ganewar ita ce saƙon, wato Wanda Ya kama Antiyokus yana nan bai canza ba. Aibin yana ga jin daɗin da ke bayyana a cikin siffantawar. Alƙalamin ya daɗe a kan ruɓar jikin Galeriyus fiye da yadda ya daɗe a kan kowane shahidi. Kuma da Galeriyus ya saki fursunoni, marubucin ya yanke cewa wannan bai samo masa gafara ba, kamar wanda aka buɗe wa littafin hisabi ya leƙa. Haka ya yi da Maksiminus, wanda ya ci gaba da tsanantawa a gabas har ya mutu a Tarsus a 313: ya sha guba bayan ya cika ciki, ta ƙi kashe shi nan take, ya haukace yana cin ƙasa, idanunsa suka zazzago, sai a lokacin ya ga Ubangiji yana yi masa shari'a. Babu wanda zai iya shaidar abin da makaho mai gargarar mutuwa ya gani. A nan tarihi ya koma wa'azi ba tare da an sanar da mai karatu ba.

Donatus

Abin mamaki shi ne amsar da ta fi ƙarfi tana cikin littafin, marubucin ya taɓa ta ya wuce. A babi na 16 ya juya ga Donatus ya tuna masa cewa sau tara aka azabtar da shi a hannun jami'ai uku, cikinsu har da Hirokilis, gwamnan da ya rubuta littafi yana sukar Kiristanci, kuma sau tara bai miƙa wuya ba. A babi na 35 ya ƙara da cewa shekara shida kurkuku ne gidansa. Ba mala'ikan da ya buɗe masa ƙofa. Bulala ta taɓa shi, ƙarfe ya taɓa shi, wuta ta taɓa shi. In akwai kariyar da Donatus ya samu a cikin waɗannan shekaru shida, to ita ce ta zuciyar da ba ta karye ba, kuma wannan kariya ba ta jiran gyambon Galeriyus kafin ta tabbata. Da Galeriyus ya rayu shekara ashirin cikin ƙoshin lafiya, da Donatus ya mutu a ɗaure, babu abin da zai ragu daga cikinta. Waɗanda aka ƙone ko aka nutsar a teku a 303 kuwa, wahalar sarki a 311 ba ta mayar musu da komai ba. Littafin da aka sadaukar ga mutumin da ya jure bai ba juriyarsa fiye da shafi guda ba.

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a wajen Kiristoci. A babi na 3 na littafin Daniyel, samari ukun da Nebukadnezzar ya jefa a tanderu sun faɗa masa tun kafin a jefa su cewa Ubangijinsu yana da ikon ya cece su, kuma ko bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunkinsa ba. Sifiriyan bishop ɗin Kartaj, a rubutunsa na 251 a kan waɗanda suka yi ridda a zamanin Deshiyus, ya ɗauki tsananin a matsayin horo ga al'ummar da dogon zaman lafiya ya sangarta. Shi kansa ya ɓuya a 250, aka fille kansa a 258, bai ga saɓani tsakanin tsirar farko da kisan ƙarshe ba. Laktantiyus ma, a kashi na biyar na babban littafinsa na koyarwar addini wanda ya riga wannan, ya bayyana cewa Ubangiji yana barin tsanani don ya gyara bayinSa, kuma haƙurin waɗanda ake azabtarwa yana janyo masu kallo zuwa ga addinin. Wancan ya rubuta shi ne wuta tana ci. Da nasara ta zo, sai ta ja hankalinsa daga fursuna zuwa ga sarki.

Ɗalibin tafsiri ya san wannan mas'ala ta wata ƙofa. Malamai sun yi saɓani a kan su wane ne mutanen ramin wuta da Suratul Buruj ta ambata, kuma Ibn Is'haƙ ya danganta ƙissar ga Kiristocin Najran da Zu Nuwas sarkin Himyar ya kashe, abin da rubuce-rubucen Kiristoci na Suryaniyanci su ma suka adana, kuma masana suke sanya shi a 523. Wannan labari yana da ƙarshe irin wanda Laktantiyus yake so, domin Kaleb sarkin Habasha ya ƙetaro teku a wajajen 525 ya kawar da mulkin Zu Nuwas. Surar ba ta jingina hujjarta a kan wani abu irin wannan ba. Ba ta ambaci an tsamo muminan daga wuta ba, ta kira sakamakonsu na Lahira babban rabo, ta kuma rataya azabar masu azabtarwa a kan rashin tubarsu, abin da aka ruwaito Hasanul Basri yana mamakin yalwar karamcin da ke cikinsa. A hadisin yaro da sarki da Muslim ya ruwaito daga Suhaib, an kuɓutar da yaron daga dutse, an kuɓutar da shi daga teku, sannan kibiya ta kashe shi. Bitrus da Yakubu sun haɗu a mutum ɗaya.

Bayan nasara

Babukan ƙarshe su ne suka fi wuyar karantawa. Bayan Lisiniyus ya ci Maksiminus da yaƙi, ya bi iyalan sarakunan da suka gabata ya ƙarar da su. Ya kashe Kandidiyanus ɗan Galeriyus. Ya kashe ɗan Maksiminus mai shekara takwas da 'yarsa mai shekara bakwai, aka jefa uwarsu a Kogin Orontas. Baleriya, 'yar Diyokletiyan kuma matar Galeriyus, ta yi wata goma sha biyar tana yawo cikin tufafin talakawa, aka gane ta a Tasalonika, aka fille kanta da na mahaifiyarta Firiska, aka jefa gawarwakinsu a teku. Laktantiyus ya shigar da kisan waɗannan iyalai a ƙarƙashin adalcin Ubangiji da ya tumɓuke zuriyar azzalumai. Alhali shi da kansa ya faɗa a babi na 15 cewa Diyokletiyan ya tilasta wa matan nan biyu su yi yanka ga gumaka, abin da ke nuna cewa ana zarginsu da karkata ga Kiristanci, kuma shi ne ya yaba wa Baleriya da ta ƙi auren Maksiminus tana cikin takaba. Ya ambaci cewa jama'a sun tausaya musu, ya kuma yarda cewa kamun kansu da darajarsu ne suka jawo musu. Amma bai ga cewa wannan ya rushe masa gini ba. In mummunan ƙarshe shaidar fushin Ubangiji ne, me Baleriya ta yi, kuma me yarinya 'yar shekara bakwai ta yi? In kuwa ba shaida ba ne a kansu, da wane dalili ya zama shaida a kan iyayensu?

Zaɓen gwarazan ma na siyasa ne. Maksentiyus, wanda ya nutse a Kogin Tibar ranar 28 ga Oktoba, 312 bayan Kwanstantin ya yi mafarkin a zana alamar Almasihu a garkuwoyin sojojinsa, bai tsananta wa Kiristoci ba. Ya dakatar da dokar a birnin Rum, ya kuma mayar musu da kadarorinsu. Laifinsa shi ne ya tsaya a gaban Kwanstantin. Lisiniyus kuwa littafin ya ce mala'ika ne ya zo masa a barci ya koya masa addu'ar da rundunarsa ta karanta kafin yaƙi. Shekaru kaɗan bayan haka ya ɓata da Kwanstantin, ya kori Kiristoci daga fadarsa, ya hana bishop-bishop taruwa. An ci shi da yaƙi a 324, aka kashe shi a 325 a Tasalonika, garin da aka fille kan Baleriya, kuma Yusabiyus ya koma cikin tarihinsa ya rage yabon da ya yi masa. Mai bin Laktantiyus zai ce ga alhaki ya sake cim ma mai shi. Sai dai ma'aunin da ya ce nasarar Lisiniyus shaida ce, faɗuwarsa ma shaida ce, ba ya auna komai. Kirisfus, ɗalibin marubucin, mahaifinsa Kwanstantin ne ya sa aka kashe shi a 326.

Gyaran ya zo ne bayan ƙarni guda, kuma daga Arewacin Afirka. A watan Agusta na 410 Alarik da rundunarsa ta Gotawa suka shiga birnin Rum, wanda a lokacin sarakunansa Kiristoci ne. Masu bin tsohon addini suka juyo da hujjar Laktantiyus a kan masu ita: ga abin da barin gumaka ya jawo. Agustin bishop ɗin Hifo, garin da a yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya fara littafinsa Birnin Allah a 413 don ya amsa. Bai yi watsi da kariya ta zahiri ba, domin ya buɗe da labarin waɗanda suka fake a manyan majami'u Gotawa suka ƙyale su. Amma ya tsaya a kan waɗanda ba a ƙyale ba, waɗanda aka kashe, da waɗanda ba su sami kabari ba, da waɗanda aka kama bayi, da matan da aka keta wa haddi, ya ce babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nuna Ubangiji ya yashe su. A ganinsa, alheri da musibar duniya an raba su ne tsakanin nagari da mugu da gangan: da ana hukunta kowane laifi a fili yanzu, da ba a bar wa ranar hisabi komai ba, da kuma ba a hukunta ko ɗaya, da mutane sun ce babu mai lura. A kashi na biyar ya zo kan sarakuna. Ya yarda cewa Kwanstantin ya daɗe yana mulki, ya ci yaƙoƙi, ya mutu da tsufa ya bar wa 'ya'yansa sarauta. Nan take kuma ya kawo sarakuna biyu Kiristoci don kada wani ya shiga addini da kwaɗayin rabon Kwanstantin. Yobiyan ya mutu a 364 bayan wata takwas kacal, bai kai tsawon mulkin Yuliyan da ya bar Kiristanci ya koma wa gumaka ba. Giratiyan kuwa mutanen wani ɗan tawaye ne suka kashe shi a 383 a Liyon, yana da shekara 24.